Ulun Rigar Sanyin Inna

Har yau idan aka ce mini abu kyauta ne a waya, sai in ji raina ya ɓaci. Ba kwabo aka ci mini ba. Curi uku ne na koren ulu, kuma duk faɗin duniyar nan babu inda za a samo na huɗu.

Ulun daga rigar sanyin mahaifiyata na warware shi. Inna muke ce mata. Rigar gwanjo ce da babanmu ya sayo mata tun ina amarya, koriya shar mai maɓallai a gaba, kuma Inna ta riƙe ta kamar wadda aka yi wa wasiyya. Da ita take tatsar shanu a ƙauyenmu Fakku idan marka ta sauka, da ita take hura wuta, da ita take zuwa gaisuwar mutuwa. Da Allah ya karɓi ranta aka zo rabon kaya, zannuwa da kwanoni duk suka sami masu so, rigar kuwa aka ture ta gefe don asu ya riga ya ci bayanta da hannu ɗaya. Na ɗauke ta na cusa a jaka ban ce wa kowa komai ba. Da na zauna warwarewa a Tambuwal, zaren yana tsinkewa ina ƙullawa, abin da ya tsira bai wuce curi uku ƙanana ba. Na wanke shi sau biyu, amma ƙanshin hayaƙi da man shanu bai fita ba.

Ni masaƙiya ce, kuma ba yabon kai ba, a unguwarmu an san ni. A ajin matan aure na koya da tsinke biyu, na yi fiye da shekara ashirin ina yi wa jarirai hula da safa da 'yar riga. Ban taɓa duba takarda ba. Ulun kasuwarmu iri ɗaya ne, siriri mai sheƙi, hannuna ya san madauki nawa zan ɗora a tsinke ko da ina hira. Duk gidan da aka haihu a layinmu, sai an ga saƙata a kan jariri ranar suna.

Mutum ɗaya ce ban taɓa saƙa wa ko zare ba, ita ce 'yata ta fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta nuna ta damu da shi. Haka Inna ta yi mini, haka na yi. Ranar da aka yaye yarinyar aka kai ta Fakku, can ta girma a gindin Inna, ita take kira Inna, ni kuwa Yaya take ce mini yadda ta ji ƙannena suna faɗa. Ni kuma idan zan yi maganarta sai in ce "ta Kebbe", don can take aikin asibiti kuma can ta yi aure. Wata rana ta zo hutu ta tarar ina haɗa hular ɗan maƙwabta, ta tsaya a kaina tana dariya.

Ta ce, "Yaya, dut ɗiyan Tambuwal sun sa hullakki, har na mai sai da kifi. Ni kaɗai ta ban taɓa sawa ba."

Na ce mata ta kauce ta tare mini haske. A raina kuwa na ce yaran zamani ba su da ta ido, wace uwa ce za ta zauna tana auna kan 'yar farinta ana kallo? Amma dariyar tata ba ta kai ido ba, na gani, na yi kamar ban gani ba.

Shekara shida da aurenta kafin Allah ya ba ta ciki. A al'ada gidana ya kamata ta zo ta haihu, tunda na fari ne kuma Inna ba ta nan. Ba ta ce za ta zo ba, ni ma bakina ya kasa cewa ta zo. Ƙanwata ce ta kawo mini labari cewa ta Kebbe ta ce a ɗakinta za ta haihu, kusa da asibiti. Na ce hakan ya fi, na shiga ɗaka na daɗe zaune a bakin gado. Daga nan na jawo jakar ulun Inna. Na yanke shawara zan yi wa jaririn hula da safa da 'yar riga daga wannan zaren, in kai da hannuna. Jika ba ya cikin dokar kunya, kuma idan ta ga koren nan za ta gane abin da ba zan iya faɗa ba.

Sai dai ulun Inna ba irin namu ba ne. Ya fi na kasuwa kauri, ga laushi, ga tsufa, kuma ba zai jure a saƙa a warware a sake ba. Hannun da yake alfahari da sanin ƙidaya sai ya tsaya cik. Ina bukatar wanda zai gaya mini madauki nawa zan ɗora tun farko, in yi sau ɗaya ya fita daidai. An ce mini a waya akwai samfurin saƙa rubutacce, layi bayan layi, kuma kyauta. To, na ce, bari mu gani.

Sati biyu na yi ina fita gindin darbejiyar ƙofar gida bayan La'asar, don nan ne kaɗai waya take kamawa sosai. Na rubuta da Hausa, aka kawo mini saƙar tabarma da saƙar faifai da wani mai wa'azi a kan saƙa wa mutum sharri. Duk matan da suke saƙa a ƙasar Hausa, babu wadda ta zauna ta rubuta mana ƙidaya da harshenmu, har da ni mai wannan surutun. Na koma ɗan Turancin da na tsinta. Nan fa na ga ikon Allah. Wannan ya ce kyauta ne amma sai na ba shi adireshina, wancan ya nuna mini rabin hula ya ɓoye rabi, wani kuma da na taɓa sai tallar takalmi ta rufe fuskar wayar ta ƙi tafiya. Banza ba ta kai zomo kasuwa, na sani, amma ai ba ni na roƙe su su ce kyauta ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke farawa. Kowanne samfur sai ya ce je ki sayi ulu kaza na kamfani kaza, curi kaza. Su can samfur suke fara zaɓa sannan su tafi kanti. Mu nan zaren ne a hannu, sai mu nemi abin da zai iya zama. Na ga wata Baturiya zaune a ɗaki, bango guda cike da ulu kala-kala har rufi, tana murmushi tana cewa kowa ya yi da abin da yake da shi. Na ce lallai, mai ƙoshi shi ke koya wa mai yunwa haƙuri. Da na gan ta ido da ido da na tambaye ta ko ta taɓa ƙulla zaren da asu ya ci.

Da abin ya gagare ni sai na je wurin aminiyata. Malamar Turanci ce a firamare kafin ta yi ritaya, kuma har yanzu Malama kowa yake ce mata. Mace ce mai kirki, amma tunda nake da ita ban taɓa jin ta ce "ban sani ba". Ta sa tabarau, ta karɓi wayar, cikin ɗan lokaci ta gano wani shafi mai hankali, wanda yake fara tambayar irin zaren da ke hannunka sannan ya kawo samfurin da ya dace da shi. Har dabara suka bayar: a naɗa zaren a jikin rula a ƙirga zagaye nawa ne ya cika inci ɗaya. Muka naɗa, muka ƙirga sha ɗaya. Muka duba jerinsu, sha ɗaya ya faɗa kan wasu haruffa biyu, D da K. Muka taɓa, sai ga hular jariri kyakkyawa, da safarta, da rigarta, duk kyauta ta gaskiya ba tallar takalmi. Na ce alhamdu lillahi da ƙarfi har kajin gidan suka watse.

Na tambayi Malama mene ne D da K ɗin. Ta latsa, ta karanta, ta gyara tabarau.

Ta ce, "Dabul nitin. Ke, wanga ai ko ɗan aji ukku ya san shi. Dabul biyu ke nan, nitin saƙa. Zarenki irin wanda aka ninkawa na. Biyu za ki haɗa ki saƙa awa guda."

Na ce, "Anya, Malama? Zaren ga da kauri nai, in an ninka ai igiya za shi zama."

Ta ce, "Ni da ke wa yak karanta Turanci? Ƙasassu sanyi gare ta, shi as sa suka ninkawa."

Yatsuna sun gaya mini ba haka ba ne, shekara ashirin suna gaya mini gaskiya, amma na ƙi su na bi tabarau. Wannan shi ne abin da ban yafe wa kaina ba.

Malama ta fassara mini samfurin a bayan tsohuwar kalanda. Madauki saba'in da biyu za a ɗora. Na haɗa bakin curi biyu na fara, tsinken da suka ce ya ƙi shiga don zaren ya yi masa kauri, na ɗauko manyan tsinkena na saƙar mayafin wuya. Saƙa ta tafi da sauri, ta yi kyau, ta yi taushi. A kan tsinke madaukai a cunkushe suke, ba a ganin faɗinsu na gaskiya. Duk da haka da na kai rabi na ga abin yana yawa, ga curi biyu sun rame. Na aika wa Malama saƙo. Ta amsa cewa in ci gaba, idan aka zo ragewa a sama zai tsuke. Na raba curi na uku gida biyu na ci gaba da ninkawa.

Ranar da na zare tsinke na ɗinke gefen, na shimfiɗa hular a cinyata, na dube ta da kyau. Wannan ba hular jariri ba ce. Da za a sa jaririn ciki gaba ɗayansa, da sai an leƙa kafin a gan shi. Abin da ya rage na ulun bai fi ƙwan kaza ba, babu safa, babu riga. Na kama bakin zaren in warware, ya zo taƙi ɗaya ya tsinke. Na sake ja, ya sake tsinkewa. Na tsaya, don na ga idan na ci gaba, hular ma zan rasa in tashi da tarin guntaye.

Ranar kasuwa na tafi rumfar mai ulu ko zan dace da kore mai kama da shi. Dattijo ne da na daɗe ina saye a wurinsa. Ya juya hular a hannu, ya ja ta, ya dube ni ta saman ido. Na ba shi labari. Ya miƙa hannu can ƙasan buhu ya zaro wani curi da takardarsa a naɗe, ya nuna mini da farce. Ga D ga K, ga zare tilo, kaurinsa ɗaya da na Inna.

Ya ce, "Hajiya, wa yac ce miki ninkawa aka yi? Sunan kaurin zaren na. Haka suka kiran shi, ba wani biyu ciki."

Ya yi ƙoƙari ya danne dariya, Allah ya saka masa, amma kafaɗunsa sun tona shi. Koren Inna kuwa babu irinsa, nasa duk masu sheƙi ne kamar ledar shinkafa.

Daga kasuwa gidan Malama na zarce, ko mayafi ban gyara ba. Na jefa mata hular a cinya na ce ta sa wa ɗan aji ukun nata. Na ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, na ce tabarau ba ilimi ba ne, na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ita ma ba ta bar ni ba. Ta ce ita Turanci ta koyar ba saƙa ba, kuma duk mai hankali idan ya ga dabul biyu zai ce, laifin na waɗanda suka raɗa wa zare ɗaya suna biyu ne. A nan kam ta yi gaskiya, kuma har gobe ina kan wannan fushin. Wane irin mutum ne zai kira abu tilo da ninki, ya rubuta wa duniya, bai ƙara ko layi ɗaya ya ce kada a ninka ba? Sun ɗauka duk mai riƙe da tsinke a unguwarsu aka haife shi. Da ta ji daga ina ulun ya fito sai ta cire tabarau ta ajiye, ni kuma na ɗauki hulata na fita.

Kwana biyu bayan haka ƙanwata ta kira, ta Kebbe ta sauka lafiya, mace, tun kafin lokacin da aka ɗiba mata. Na zauna na yi hula da safa da ulun kasuwa, ruwan hoda, irin wanda na yi wa 'yar kowa. Cikin kwana uku na gama ba tare da na duba komai ba. Na ninke su a leda ina jin haushinsu. Babbar hular kuwa na ce ba za ta bi ni ba, na sa ta a akwati, na fitar, na mayar. Da safen tafiya na cusa ta can ƙasan jaka, ban san dalili ba.

Marka ake yi, hanyar Kebbe duk ta jiƙe, motar tana tafiya tana tsayawa. Na isa ana gobe suna. Gidan cike da mata, dangin miji da namu. Na gaisa da surukai, na sami lungu na zauna kamar baƙuwa, don uwar mai jegon fari ba ta zaƙewa. Aka miƙo mini jaririyar na karɓa na yi addu'a. Mai jegon tana kan gado, ta fito daga wankan ganye, jikinta yana tururi, ta ɗaura ɗankwali sama-sama. Ta ce, "Yaya, an zo lafiya?" Na amsa ina kallon bango.

Ƙanwata ce ta jawo jakata don ta fito da kayan barka a nuna wa mutane, kamar yadda ake yi. Ta ɗaga masu ruwan hoda aka ce madalla. Sai ta sake zura hannu. Kafin in ce kada, ta zaro babbar hular ta ɗaga sama da hannu biyu.

Sai wata gwaggon mijin ta ce, "Hullag ga ta jinjiri ta, ko ta uban jinjiri?"

Aka fashe da dariya. Wata ta ce a ajiye wa yarinyar sai ranar aurenta, wata ta ce a rufe tulu da ita. Ni da ake kawo wa saƙa gyara daga Dogon Daji, yau ni ake yi wa dariya a gidan surukai. Na ji kamar in tashi in kama hanyar Tambuwal da ƙafa. Na buɗe baki zan fara bayanin D da K, na ga babu wanda zai gane, na rufe.

Mai jegon ba ta yi dariya ba. Ta ce a miƙo mata. Ta riƙe hular ta daɗe tana kallon koren, ta shafa wuraren da na ƙulla zare, sannan ta kai ta hanci. Na ga lokacin da ta gane. A jikin rigar nan ta yi barci tun tana 'yar yaye, ta fi ni sanin ƙanshinta. Ta zare ɗankwalinta a gaban kowa, ta sa hular a kanta, ta ja ta ta rufe kunnuwa. Ta zauna mata ɗas, kamar da igiya na auna.

Ta dube ni kai tsaye, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Yaya, ashe kin san awon kaina."

Duk ɗakin ni ake kallo, ga surukai, ga ƙanwata da baki buɗe. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Kuskure na. Wajen ƙidaya anka yi kuskure."

Ta ce, "To, kar ki gyara shi."

Ta kwana da ita, ta yi suna da ita a ƙarƙashin gyale duk da kwalliyar da aka yi mata, ƙanwata ta ce har ta gama wanka arba'in ba ta rabu da ita ba. Da zan tafi ta rako ni bakin zaure, abin da mai jego ba ta yi, ta ce idan ta yi arba'in za ta zo Tambuwal ta kwana biyu. Na ce gidan ai ba a rufe yake ba. Na shiga mota na ja mayafi na rufe fuska, har muka wuce gonakin bakin gari ban buɗe ba.

Mun shirya da Malama, ko da yake yanzu tana yawo tana cewa ita ta saƙa alherin da fassararta, kuma wannan ma wani abin haushin ne. Masu samfur ban yafe musu ba, sun ci mini riga da safa na jikata. Amma wanda na fi jin haushi ita ce matar da ta fi shekara ashirin da tsinke a hannu, ta rufe kan 'ya'yan gari kaf, sai da Turancin da ba ta iya ba ya ruɗe ta sannan ta saƙa wa 'yarta hula.